Batir a Daji: Jawabi ga Masu Fita Rangadin Lamba



Shugabanni, malaman dabbobi, mataimakan kiwo na ƙauyuka, da ku ƴan'uwana direbobi, barkanku da zuwa Yamai. Ina fata kun baro gida lafiya, da iyali da bisashe.

An ce in yi muku magana a kan batir kafin a raba motoci kowa ya kama hanyar jaharsa. Na ga wasu sun yi murmushi, suna cewa a ransu, mu da muka zo shirin lamba mi ya haɗa mu da batir, ai wannan sha'anin makaniki ne. To ku yi haƙuri ku ba ni kunnuwanku. Maganin da za ku yi wa bisashen mutane lamba da shi yana fitowa daga LABOCEL a nan Yamai cikin sanyi, ya isa babban birnin jaha cikin sanyi, ya sauka gunduma cikin sanyi. Duk waɗannan wurare akwai wutar NIGELEC, in ta ɗauke akwai injin ko hasken rana. Amma daga ranar da kuka bar kwalta kuka nufi rijiyoyin bayan Bermo, ko Tasara, ko Tasker, ba sauran wata wuta sai wadda kuka ɗauko a bayan mota. Kwana goma ko ashirin, ran maganin nan yana rataye a wuyan batir. In batir ya kwanta firigo ya tsaya, in firigo ya tsaya magani ya mutu. Kuma abin tsoron shi ne, kwalbar maganin da ya mutu ba ta sauya kama. Yadda mai rai yake haka matacce yake a ido.

ABIN DA YA SAME MU

Bari in fara da kuskurena, don kada ku ce abin da na karanta kawai nake faɗa muku. Wata shekara cikin ɗari muka sauka wata rijiya a arewacin Dakoro, mu biyar har da direba. Firigonmu haɗe yake da batirin mota, wato batir guda shi ke tada injin, shi ke riƙe sanyi. Da magariba mutanen ruga suka zo gaisuwa, kowa da salularsa a hannu. Sun kawo mana nono, sun yanka mana akuya, ƙaƙa za ka dubi mutum ka ce masa a'a? Muka jona ta wannan, muka jona ta wancan, muka kunna rediyon mota muna shan shayi, fitila na ci har tsakar dare. Da asuba direba ya murza makulli, mota ta yi ƙas sau ɗaya ta yi shiru. Ga rairayi, ba halin turi. Muka yi lambar safiyar nan da sauran sanyin da ke cikin akwati, sannan muka zauna jiran taimako. Sai la'asar ɗin kashegari wata babbar motar kasuwa ta biyo ta tada mu. Kafin nan firigo ya wuni biyu cikin rana ba wuta.

Ɗaya daga cikinmu ya ce mu ci gaba da aiki hakanan, wa zai sani? Ban yarda ba, muka koma gari neman sabon magani. Da muka komo, rabin garkunan sun watse. Ardon wurin, dattijo ne mai kunya, abin da ya ce mini kawai shi ne: "Malam, tafiyar kwana biyu munka yi da shanun ga, rijiya ba ta iya shayar da su kwana huɗu." Na ji kunyar maganar nan har yau. Amma da mun bi shawarar wancan abokin namu, da abin ya fi haka muni. Da an yi wa shanu allurar ruwa, an rubuta a takarda an yi lamba, in ciwon huhu ya shigo garke sai makiyayi ya ce lambar gwamnati ce ba ta da amfani, ko ma ya ce ita ta kawo ciwon. Yardar da aka yi shekaru ana ginawa sai ta rushe a dare ɗaya.

Manyanmu sun san wannan tun zamanin bushiya. Babban yaƙin haɗin gwiwa da aka fara da ita a 1962 a ƙasashen tafkin Cadi, har da Nijar, da wanda ya biyo baya daga 1986, duk wahalarsu ɗaya ce: yadda za a kai magani da sanyinsa inda ba hanya ba wuta. Shi ya sa aka ƙirƙiro maganin bushiya mai jure zafi, kuma a nan Nijar aka gwada shi a daji, aka buga sakamakon a 1990. A 2011 aka shelanta an kawar da bushiya daga duniya. Yanzu abin da ke gabanmu shi ne ciwon huhun shanu, da annobar tumaki da awaki wadda a taron Abijan na 2015 ƙasashe suka yi alkawarin kawar da ita kafin 2030. Maganin ciwon huhu kuwa yana cikin waɗanda ba su da haƙurin zafi ko kaɗan. Ke nan maganar batir maganar lamba ce.

BATIR RUMBU NE

Ku ɗauki batir kamar rumbun hatsi. Ba ya haifar da komi, abin da aka zuba shi ake ɗiba. A jikinsa za ku ga an rubuta 12 V, wato bolt 12, sannan wata lamba da Ah a bayanta, misali 100 Ah. Wannan ita ce girman rumbun. Ma'anarta, a lissafin takarda, batirin zai iya ba da amper 5 har awa 20.

Amma ga doka ta farko, ku rubuta ta. Batirin dalma, irin wanda muka saba da shi, rabinsa kaɗai ne naku. In an rubuta 100 Ah, ku lissafa 50. Sauran rabin kamar iri ne a ƙasan rumbu, wanda ya cinye shi ya cinye noman baɗi. Duk lokacin da kuka tatse batir har ƙasa kuka bar shi hakanan, wani farin gishiri yana kama farantan dalmar da ke cikinsa ya sandare, rumbun ya riƙa ƙanƙancewa. Batirin da ya kamata ya yi muku shekara uku ko huɗu sai ya mutu cikin rangadi guda.

Na biyu, batir iri-iri ne. Na tada mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin ƴan daƙiƙu, sannan dinamo ya cika shi nan take. Ba a yi shi don ya kwana yana ciyar da firigo ba. Akwai na hasken rana, mai farantai masu kauri, wanda ke jure ɗiba a hankali dare bayan dare. Shi ya dace da firigo. Don haka kowace mota batir biyu: ɗaya na injin, ba mai taɓa shi ko waye, ɗaya na aiki. A tsakaninsu makaniki ya sa na'urar nan mai haɗa su in injin na tafiya, ta raba su in an kashe. In ba a samu na'urar ba, a sa makunni na hannu, kuma direba ya ɗauki raba su kamar yadda ya ɗauki jan birkin hannu in ya tsaya.

Wasu ƙungiyoyi sun samu sabon batir na litiyom. Wannan ya fi sauƙin ɗauka, kuma ana iya ɗibar kashi 80 cikin 100 nasa ba tare da lahani ba. Sai dai yana son na'urar cajin da ta dace da shi, kuma kada a haɗa shi layi ɗaya da na dalma. Haka nan kada a haɗa tsohon batir da sabo, don tsohon zai riƙa shanye sabon.

Ƙaƙa za ku san abin da ya rage a rumbu? Da ƴar na'urar auna bolt, wadda ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. Ku cire komi daga jikin batirin dalma, ku bar shi ya huta ko da rabin awa, in da hali ya fi haka, sannan ku auna:

12,7 batir ya cika.
12,4 saura kashi uku cikin huɗu.
12,2 saura rabi. Nan ne iyakarku.
12,0 saura kashi ɗaya cikin huɗu, kun shiga cin iri.
11,9 ko ƙasa da haka, rumbu ya ƙare.

Kun ga tsakanin cikakke da wanda ya ƙare ko bolt ɗaya ba a kai ba. Saboda haka wanda ya ce muku "ai yana nuna 12, lafiya lau yake" bai san batir ba. Kuma in an auna lokacin da farantin rana ko injin ke caji, za a ga 13 ko 14, wannan ba ya nuna abin da ke ciki. Lokacin awo mai gaskiya shi ne da asuba, kafin rana ta hau faranti.

LISSAFIN CI DA SAMU

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kuna gari ku zauna da takarda ku lissafa abin da za ku ci kowace rana. Ga misali, kowa ya gyara shi bisa kayan da ke hannunsa.

Ƙaramin firigo mai injin matsa iska, na lita 40, yana jan wajen amper 4 in yana aiki. Ba ya aiki dare da rana ba tsayawa, yana tashi yana kwantawa. Cikin ɗari in aka tara lokacin aikinsa zai yi kamar awa 8, cikin bazara ya kai 12 ko ya wuce. Mu ɗauki 12: 4 sau 12, ya ba da 48 Ah.
Ƙwan fitila biyu na LED masu wat 5, awa huɗu kowane dare: wajen 4 Ah.
Salula shida: wajen 8 Ah.
Kwamfuta ko allon rubuta rahoto: wajen 5 Ah.
Jimla 65 Ah a rana.

To ku duba. Batir mai 100 Ah, wanda 50 kaɗai ne naku, ko kwana ɗaya cur ba zai kai ku ba in ba abin da ke shiga. Mai 200 Ah zai kai ku kwana ɗaya da rabi. Wannan shi ne gaskiyar lissafi, ba yadda mai shago ya gaya muku ba.

Akwai wani irin firigo kuma, mai aiki da gas ko kananzir ko lantarki. In an jona irin wannan a batir yana jan amper 8 zuwa 10 kusan ba hutawa, ya cinye rabon batir mai 100 Ah cikin awa biyar ko shida. Irinsa a jona shi a mota lokacin tafiya kawai. Da an tsaya a maida shi kan gas, a kuma daidaita zamansa kada ya karkace, don in ya karkace ba ya sanyi.

Yanzu samu. Allah ya ba ƙasarmu rana, kuma tun 1965 aka kafa ONERSOL a nan Yamai don nazarin amfani da ita, ma'aikatar da marigayi Farfesa Abdu Mumuni ya daɗe yana jagoranta. Amma farantin rana, wanda muke ce wa panno, ba ya ba da abin da aka rubuta a bayansa. Mai wat 100 yana ba da kamar amper 5 da rabi in rana ta take, kuma in aka tara hasken wuni guda bai wuce na awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana ba. Ke nan wajen 30 Ah a rana mai kyau. An auna ƙarfinsa ne a zafin digiri 25, alhali a dajinmu jikin faranti yana wuce digiri 60 da tsakar rana, zafin nan kaɗai yana rage masa kusan kashi 15 cikin 100. Ga kuma hazo da ƙurar hunturu, daidai lokacin da muke fita. Don haka mai cin 65 Ah a rana faranti ɗaya ba ya isarsa, biyu ma da ƙyar. Ku nemi uku masu wat 100, ko biyu masu wat 150.

Yadda aka aje faranti shi ma rabin aiki ne. Cikin ɗari ya fuskanci kudu, a ɗan ɗaga bayansa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, a daidai Yamai, ranar tsaka tana ɗan karkata arewa, lokacin nan a kwantar da shi kusan shimfiɗe. Tunda naku ba a kafe yake ba, ku juya shi sau uku: da hantsi gabas, da tsakar rana sama, da la'asar yamma. Ku share shi kowace safiya da ƙyalle mai laushi. Ku kula da inuwa, don inuwar reshen ƙaya guda ko rigar da aka shanya a gefensa tana iya rage wutar faranti gaba ɗaya. Ku ɗaga shi daga ƙasa iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi, ku kuma kewaye shi da ƙaya kada awaki su hau. Dabarar ita ce mota da batir da firigo a inuwa, faranti a rana, waya mai kauri a tsakani.

Kada a jona faranti kai tsaye a batir. Dole a bi ta na'urar daidaita caji, wadda makanikai ke ce wa regilater. Ita ke hana batir tafasa in ya cika. Wajen haɗawa batir ake fara jonawa, sannan faranti. Wajen cirewa a fara da faranti.

Direbobi, ga taku. Tafiyar awa uku ko huɗu daga rijiya zuwa rijiya tana zuba wa batirin aiki wuta mai yawa, ku tabbata a haɗe yake kafin ku tashi. Amma tada injin a tsaye minti ashirin da sunan caji ƙona gazuwal ne kawai. Batirin dalma yana shan kason ƙarshe na cajinsa a hankali, awa da awanni.

TSARIN WUNI

Doka ɗaya ce: firigo shi ke fara ci, saura su jira. A naɗa mutum guda a kowace ƙungiya, shi ke riƙe ma'aunin bolt da ma'aunin sanyi da littafi. Da asuba ya rubuta bolt nawa, digiri nawa. Da magariba haka nan. In asuba biyu a jere lambar tana sauka, kuna cin fiye da samunku ke nan, a rage wani abu tun ranar.

Duk wani caji a yi shi da rana, tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na yamma, lokacin da faranti ke ba da rara. Wannan shi ne maganin abin da ya same mu a waccan rijiya. Ba sai kun ɓata da mutanen ruga ba. Ku gaya wa ardo tun saukarku: masu salula su kawo da hantsi, da dare wutar ta maganin shanunsu ce. Ban taɓa ganin makiyayin da aka yi wa wannan bayani ya yi fushi ba.

Na'urar nan mai juya wutar batir ta koma 220, tana cin nata rabo, kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma ko ba a jona mata komi ba in tana kunne tana sha. A kunna ta don bukata, a kashe da an gama. Abin dafa ruwa, da dutsen guga, da duk abin da ke yin zafi da lantarki, kada ya kusanci batirin aiki. Shayi a kan gawayi ya fi daɗi ma.

Sannan ku taimaki firigon da kansa. A sanyaya shi kwana ɗaya a wutar gari kafin tashi. A bar masa sarari inda iska ke fita, kada a danne wurin da buhu ko tabarma. Duk gurbin da ba magani a cike shi da gorunan ruwan sanyi, don ruwa yana riƙe sanyi. Da rana a sauke shi zuwa digiri 3, da dare a maida shi 5 ko 6, sai ya rage tashi. In firigonku yana da ɓangaren daskarewa, a daskarar da bulolin ƙanƙara da tsakar rana. Ƙanƙara ma rumbu ce, ba ta kuma lalacewa kamar batir. A kan wannan hikima aka gina firigon rana marar batir da kuke gani yanzu a gidajen likita na karkara, wanda ke tara ƙanƙara da rana ta riƙe shi har safe.

A buɗe firigo sau biyu a rana ya isa. Da safe a ɗebi maganin wuni a sa cikin ƙaramin akwatin sanyi, shi za a kai bakin shingen lamba. Iyakar sanyin magani a daji digiri 2 zuwa 8 ne. Busassun magunguna, irin na ciwon huhu da na annobar tumaki da awaki, daskarewa ba ta yi musu komi, zafi ne maƙiyinsu. Masu ruwa kuwa, irin na harbin daji, in sun daskare sun lalace, kada su jingina da ƙanƙara. Ruwan haɗi shi ma a sanyaya shi kafin a haɗa, kuma abin da aka haɗa a gama da shi cikin awa ɗaya zuwa biyu, bisa abin da takardar maganin ta ce.

KIWON BATIR

Batir kamar ɗan maraƙi ne, zafi na cinye shi. In zafin wurin da yake ya ƙaru da digiri 10 a kan 25, kwanansa na raguwa da kusan rabi. Kada a bar shi a buɗaɗɗen bayan mota rana na dukansa. A sa shi cikin akwatin katako mai ramukan iska, a ɗaure shi tamau kada gargadar hanya ta farfasa cikinsa.

Mai murafu a duba ruwansa kowane mako, ruwan ya rufe farantan dalma. In ya ragu a ƙara tataccen ruwan nan da ake saidawa a shagon kayan mota ko famasi. Kada a ƙara asid, don ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Kada kuma a zuba ruwan rijiya. Rijiyoyinmu da yawa na arewa suna da kanwa da gishiri, kanwa kuwa tana kashe ƙarfin asid. Ku ɗauki kwalba biyu tun daga gari.

Kawunan batir in sun yi farin gari a kankare su, a ɗaure da kyau, a shafa ɗan giris. A sa fiyus kusa da kan da ke da alamar +, don waya in ta goge da ƙarfen mota ba fiyus, gobara ce. Wayar firigo ta zama gajera mai kauri, aƙalla mai 4 mm². Siririyar waya doguwa tana zubar da wuta a hanya, sai ku ga firigo yana yankewa alhali batir da sauransa.

Batir in yana caji yana fitar da iska mai kama wuta. Ba taba sigari kusa da shi, ba murhun shayi, ba kwana da shi cikin rufaffen tanti. Asid in ya fantsama a ido ko jiki a wanke da ruwa mai yawa nan take, a daɗe ana wankewa, sannan a nemi likita.

In an gama rangadi a cika shi fal kafin a aje, a cire wayoyi, a riƙa sake cika shi kowane wata. Batura da yawa ba a daji suke mutuwa ba, a cikin magaza suke mutuwa tsakanin lamba da lamba.

IN ABIN YA FARU

In duk da haka wuta ta gaza, kada a buɗe firigo ana leƙe. A rufe shi da bargo a inuwa, a rubuta lokacin da ya tsaya. In akwai sauran ƙanƙara a maida magani cikin akwatin sanyi tare da ma'auni. A sanar da shugaban gunduma da wuri. In sanyin ya wuce digiri 8 na tsawon lokaci, a ware waɗannan kwalabe, a yi musu alama, kada a yi aiki da su sai likitan dabbobi mai alhaki ya yanke hukunci. Wanda ya faɗi gaskiya ya yi asarar kwali guda. Wanda ya ɓoye ya jawo asarar garke.

SAƘO GA MAKIYAYA

Abu na ƙarshe, kuma wannan aikinku ne na masu wayar da kai. Yau da wuya ka shiga ruga ko zangon Abzinawa ba ka ga ƙaramin faranti a kan bukka ko a bayan jaki ba, da batirin babur a gindinsa. Ku koya musu abu uku: a sa regilater, kada a tatse batir har fitila ta yi ja, a aje shi a inuwa.

Sannan ku ja kunnensu a kan mataccen batir. Cikinsa dalma ce, dalma kuwa guba ce. Shanu, musamman maruƙa, suna son lasar fasasshen batir, kuma guda ɗaya ya isa ya kashe dabbobi da dama. Alamunsa su ne makanta, cizon haƙora, dalalar miyau, dabba ta riƙa tura kai jikin itace ko tana zagaye, sannan farfaɗiya da mutuwa. In kun ga haka ku tambaya ko akwai tsohon batir a makiyaya ko bakin rijiya. Nono da naman irin wannan dabba ba na ci ba ne. Ga mutane ma haka take. A Thiaroye, kusa da Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana ciro dalma. Kada a fasa batir a gida, kada a narka dalmarsa, kada a ba yara su yi wasa da shi. A maida shi ga mai saida batir a kasuwa. Ku ma naku matattu ku komo da su gari, kada mu je kare bisashe mu bar musu guba a baya.

To jama'a, in taƙaita. Batir biyu, na injin daban na aiki daban. Rabin batir ne naku, iyakarku 12,2. Ku yi lissafi tun a gari. Firigo ke fara ci, caji da rana. Awo safe da yamma, a rubuta a littafi. In sanyi ya yanke a faɗi gaskiya. Kafin kowace mota ta fita daga nan, ina roƙon shugaban ƙungiya da direbansa su zo tare mu auna batirinsu a gabansu, wanda bai kai ba a sauya shi tun yau.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai ku lafiya ya komo da ku lafiya, ya tsare mana bisashenmu, ya ba mu damana mai albarka. Mai tambaya ya ɗaga hannu.